Motar da Za Ta Tsaya

Asabar, da hantsi

An dawo da motar. Bakanike ya miƙe bonet, ya sa sabon gilashi, ya wanke ta har ƙarƙashin kujeru, ya fesa mata wani turare mai ƙamshin lemo. Na sa an lulluɓe ta da tamfol a gindin darbejiya. Dakta bai fito ya gani ba. Ya dai ji ƙarar injinta daga falo, na ga labule ya motsa, shi ke nan.

Tun ranar Alhamis ɗin da ya dawo daga hanyar Gagarawa a motar 'yan sanda, maigidana bai taka ƙofar gida ba. Sallah a falo. Abinci a falo, in ya ci. Likitan dabbobi ne da babu dillalin da bai san lambarsa ba a kasuwar Maigatari, amma yanzu wayar tana kife a kan firji, ta yi ta kuka har ta gaji. Shi kuma yana gaban talabijin. Ya ɗaure sitiyarinsa na wasan tseren mota a jikin teburin cin abinci, birki da totur a ƙasa kan kafet, yana tuƙi.

Mutumin da ba ya iya kallon mota ta gaske yana wuni yana tuƙa ta ƙarya. A jami'a an koya mana sunan irin wannan abu a darasin adabi. Na manta sunan. Gara da na manta.

'Yarmu Nana tana garin Sule Tankarkar wurin Umma. Na ce mata Abbanta ba ya jin daɗi. Ba ƙarya na yi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Baffa Ya'u ya zo, ƙanin mahaifin Dakta, shi ne ya tsaya a kan komai tun ranar. Ya ƙi kujera, ya zauna a kan kafet kusa da birkin wasa, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Abdulbaqi, na sake komawa rugar. Na ga Manu, mijin marigayiyar. An yi addu'ar uku, an yi ta bakwai. An zauna da hukuma, an gama. Ba su nemi komai ba. An ce ƙaddara ce, an yafe."

Dakta ya ce, "To, Baffa."

"To ba ta isa ba. Saura ƙafarka. Mutum ya rasa matarsa a gaban motarka, ya yafe tun ba ka roƙa ba, ai ka je ka durƙusa a gabansa ka yi masa gaisuwa. Abin da ya rage ke nan, kuma babu mai yi maka shi."

"Zan je."

"Yaushe?"

A fuskar talabijin wata jar mota tana juyawa a hankali kamar ana tallarta. Baffa ya daɗe yana kallonta.

"Wannan kuma fa?"

Na ce, "Wasa ne, Baffa."

"Wasa," in ji shi. Ya juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa.

Ni malamar Hausa ce a sakandare, ba laifina ba ne in kunnena ya tsinci abin da ba a ba shi ba. An yi, an zauna, an ce, an yafe. Ina koya wa 'yan aji biyar wannan ƙaramar kalma, an, duk shekara: ita ce ake fakewa a bayanta idan ba a son faɗin wanda ya yi aikin. An fasa kofi. An ci naman miya. Tun ranar Alhamis ɗin nan duk gidanmu da ita muke magana. An yi haɗari. An rasu.

Sunanta Sabuwa. Nono take kaiwa talla.

Talata, da azahar

Tunda ba a magana da ni, na zauna na kalli motocin.

Da ma can ya iya wannan haukan. Shekarar da ya sayo sitiyarin a Kano, sai da ya rungumo shi a cinya har Gumel, wai kada ya bugu a but. Duk Asabar shi da abokansa su yi ta musu a waya kan wace ce ta fi gudu, wace ce ta fi iya shan kwana. Ya kira ni, "Malama, zo ki ga wannan, kafin ki ɗaura ɗankwali ta kai ɗari biyu." In ce, "Kawo ta hanyar Gagarawa, ramin farko zai zubar mata da haƙora." Mu yi dariya. Na tuna wannan ɗazu, na tashi na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Sunayensu na Turawa ba sa zama mini, sai na raɗa musu nawa. Akwai Barkono, ja, ƙirar Italiya, cikinta a ƙasa kamar kada, ihu kamar an taka ta. Akwai Kwamishina, ruwan toka, ƙirar Jamus, mai nauyi, ba ta ɗaga murya, ta san za a ba ta hanya. Akwai Ƙwaro, 'yar Japan, ƙarama, mai fiffike a baya da ya fi ta girman kai.

Yau ya tuƙa dukkansu. Ya ci rabin malmala.

Laraba, da yamma

Ba tsere yake ba.

Sai yau na lura, ni da nake taƙama da ido. Ba ya gama zagaye ko ɗaya. Hanya guda ce kullum, wata kwalta mai ratsa gonaki a wata ƙasa da ciyawarta ba ta bushewa. Ana tashi sai ya bar sauran motocin su wuce. Ya kai allurar maleji kan tamanin, ya riƙe ta a nan. Akwai wata bishiya a hannun hagu, gaba da ita kuma wani farin allo a bakin kwana. Yana zuwa daidai bishiyar sai ya taka birki da dukkan ƙarfinsa, har teburin ya girgiza. Sai ya leƙa ya ga inda motar ta tsaya. Sai ya koma ya canza wata.

Barkono ta tsaya nesa da allon, da ƙugi da hayaƙin taya. Kwamishina ta fi ta ma, ta tsaya cak ba ko tari, kamar ta ga mai gaisuwa a bakin hanya. Ƙwaro ta ɗan yi rawa da ƙugu, amma ta tsaya.

Duk sun tsaya. Bai ji daɗi ba.

Alhamis, da safe

Ranar kasuwar Maigatari. Tun da sassafe tireloli suke wucewa. Wayar ta yi ta kuka a kan firji. Wani dillali ya zo har ƙofa, wai bijiminsa ya ƙi cin abinci. Na leƙa ta zaure na ce, "Ba ya nan."

Daga falo Barkono ta yi ihu. Dillalin ya kalli taga, ya kalle ni, ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya, Malama."

Na ce amin. Addu'ar ta yi daidai.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Bai je ba.

Asabar, da rana tsaka

Wata mai nono ta bi layinmu tana talla. Na ji muryarta tun daga kan kwana. Kafin in ajiye tsintsiya in kai ga taga, ya riga ya ƙure ƙarar talabijin.

Fura ta bushe a firji. Ba na saye, ba na damawa, ba wanda ya tambaya.

Litinin, bayan na taso makaranta

A ofishin malamai kowa ya iya gaisuwa. "Ya muka ji da abin da ya faru?" "Ya jikin Dakta?" Jikin Dakta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Da karaya ya yi, da an san abin da za a kawo masa, ayaba da lemo. Wannan kuwa ba a san ledar da ake zuba masa ba.

Umma ta aiko da rubutu a galan, ta ce a ba shi safe da yamma. Ya sha, bai yi musu ba. Ba ya musu da komai, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Na ce masa akwai likita a Kano da ake zama a yi magana da shi kawai, wata ƙawata ta ba ni lambarsa.

Ya ce, "Ni ma ai likita ne."

Na ce, "Na shanu."

Da, zai ce, "To ai shi ya sa na iya zama da ke." In wurga masa filo. Yau ya ce, "Haka ne."

Talata, da la'asar

Ya samo wata sabuwa, wato tsohuwa. Can ƙarshen jerin motocin, inda ba mai zuwa, akwai wata 'yar ƙaramar mota ta zuwa cefane, launin ƙasa, mai ƙofa huɗu. Na sa mata Gwaggo. Ba sai an gaya mini da wa ta yi kama ba, tana nan a gindin darbejiya.

Mutanen duniya suna shiga wasan nan su nemi motar da ta fi kowacce. Maigidana ya wuni yana lalata guda. Ya cire mata tayoyi masu kyau ya sa mata suɗaɗɗu. Ya kashe abin da ke hana birki kamewa. Ya ƙara mata nauyi a baya, kamar na akwatin magani da ƙanƙara. Ya rage hasken rana ya mai da shi na safiya. Ya yi ta neman inda ake zuba wa hanya yashi, bai samu ba, sai ya sa ruwan sama.

Tamanin. Bishiya. Birki.

Gwaggo ta ja ƙafa, ta karkace, ta yi kuka, ta tsaya. Tsakaninta da allon kamar tsawon tabarma biyu.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tana tsayawa."

Na ce, "Ba haka ake so ba?"

Ya kalle ni irin kallon da nake yi wa ɗalibar da ta amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Laraba, da azahar

An sallame mu da wuri. Na shigo ba takalmi, na bar su a zaure saboda taɓon famfo, bai ji ni ba.

Gwaggo ce a kan hanya. Allurar ba ta kan tamanin, ta wuce.

Bishiya. Birki. Ta wuce ta cikin allon, ya tarwatse, ta ci gaba da tafiya a karkace har cikin gonar mutane.

Na ga lambar. Tamanin ya faɗa wa 'yan sanda, tamanin ya faɗa wa Baffa, tamanin ya faɗa mini. A ranar ya je Gagarawa da sassafe ya yi wa wasu tumaki allura, yana so ya riski kasuwar Maigatari kafin a fara lodi. Wannan kowa ya sani.

Jakata ta bugi ƙofa. Ya mai da allurar kan tamanin.

Na ce, "Sannu da gida." Ya ce, "Sannu da zuwa." Na dafa taliya.

Alhamis, da yamma

Kasuwa ta sake ci babu shi. Wayar ta rage kuka. Mutane suna koyo da sauri.

Juma'a, da hantsi

Ba ni da darasi. Na ce, "Matsa in gwada." Ban zaci zai matsa ba.

Ya ba ni Kwamishina, wai ita ce mai haƙuri. Na taka totur, sitiyarin ya fizge hannuna kamar akuya a igiya, na tafi kai tsaye na rungumi katangar farko da na gani. Bonet ya tashi sama. Na ce, "Ai katangar ce ta shigo hanya." Sai na ji wani ɗan sauti ta hancinsa. Ba dariya ba ce, amma 'yar uwarta ce, kuma rabona da ita tun ranar.

Ya miƙo hannu ya danna wani maɓalli a jikin sitiyarin. Sai komai ya koma da baya. Gilashin da ya watse ya tattaru ya koma mazauninsa, bonet ya sauko ya kwanta, motar ta janye daga katanga ta koma kan kwalta, sumul, tana jirana.

Ya ce, "Wannan shi ne abin da ya fi kyau a wasan."

Na riƙe sitiyarin. Na ce bari in duba wake.

Asabar, bayan azahar

Baffa ya dawo. Yau bai zauna ba ma.

"Manu zai tashi. Zai bi yaransa da shanu kudu, bana ba zai tsaya ba. Ya ce ba zai iya wayar gari kullum yana kallon kwaltar nan ba. Wanda na aika ya ce bayan kasuwa za su ɗaga."

Dakta ya ce, "Alhamis ke nan."

"Alhamis ke nan," in ji Baffa, wanda shi ma a Maigatari yake sayar da riɗinsa tun kafin a haife mu. "In ya tafi ba ka je ba, Abdulbaqi, ba shi ka yi wa ba. Shi ya sauke nasa. Kai za ka zauna da naka a ɗakin nan, kai da wannan jar abar."

Da na raka shi zaure ya rage murya. "Sharifa, ke ce a kusa. Ki yi wani abu mana."

Na ce to. A gidanmu yanzu to ta fi gishiri yawa.

Lahadi, da la'asar

Na yi wani abu. Na zagaya bayan ɗaki na kashe makunnin sola. Talabijin ta mutu, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Na shigo ina goge hannu na ce, "An ɗauke wuta."

Ya ce, "Malama, shekara nawa rabonmu da wutar gwamnati?"

"To an kashe."

"Wa ya kashe?"

Ka ji mutum. Makonni yana zaune a cikin an, rana ɗaya na ara, ya kama ni.

Na ce, "Ni na kashe. Motar da kake nema babu ita a cikin akwatin nan. Ka gwada ta Italiya, ka gwada ta Jamus, ka ƙera Gwaggo da hannunka. Me kake so su gaya maka?"

"Ina so in ga wadda ba ta tsaya ba."

"Ka gani ai."

Ban yi niyyar faɗa ba. Ya sunkuyar da kai, ya sa ƙafa yana taka birkin wasa a hankali, yana saki, yana takawa. Ƙik, ƙik. Zufa tana bin wuyansa. Na tsaya a kansa da dukkan karatuna, ban san ko in dafa shi ba ko in fita. Na fita. Na kunna solar, saboda naman da ke firji.

Litinin, da yamma

Ba komai. Na yi wa 'yan aji biyar gwaji. Zafi. Ya tuƙa Gwaggo.

Talata, bayan la'asar

Ina tankaɗe sai na ga inuwa a ƙofar kicin. Har na manta tsawonsa.

Ya ce, "Gobe mu hau mota mu je rugar. Kafin Alhamis."

Na ce, "To."

"Ba a tamu ba."

"Ba a tamu ba."

Na kira Baffa, ya yi ta hamdala har katin ya kusa ƙarewa. Na sayo goro da sukari, na auno gero. Na goge masa farar shadda, na ga ta yi masa yawa, na goge shuɗiyar. Ina guga ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. Har waƙa na yi.

Laraba, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, a jere, kada in tsallake.

Mun hau motar haya a tashar Gumel, ni da shi da Baffa a baya, buhun geron a but tare da kajin wata mata. Dakta ya zauna a tsakiya. Direban yaro ne a hannu, tsoho a baki, yana tuƙi yana ba na gaba labarin farashin zoɓo. Na leƙa malejinsa. Allurar tana kwance a kan sifili, ta mutu tun ba yau ba. Mota tana gudu, ita tana cewa ba inda ake zuwa. Na so in nuna wa Dakta, na fasa.

Duk kwana sai in ji ƙafarsa ta dama ta danna ƙasan motar. Duk akuya, duk mai keke. Gwiwarsa tana jikin tawa, ina jin kowane birki.

A wurin babu farin allo. Akwai dai bishiya a hannun hagu, aduwa ce. Baffa ya ce wa direba a nan za mu sauka. Dakta ya sauka, bai kalli kwaltar ba, ya ɗauki buhun geron a kafaɗa da kansa, ya ƙi bari a kira mai babur. Muka bi wata 'yar hanya ta cikin gonaki, an yanke riɗi an jingina shi tsaye yana bushewa.

Tun daga nesa na ji shirun. Ruga ba ta shiru.

An tuge turaku. Kashin shanu a zagaye, ya fara bushewa. Toka a murhu, duwatsu uku. Bukkoki sun zama ƙashi, an kwashe tabarmin an bar sanduna. Baffa ya tsaya yana juya hula a hannu.

Can gefe akwai gida ɗaya mai dangar kara, da saniya guda a ɗaure. Wata mata tana tsugune tana wanke ƙore. Ba za ta wuce sa'ata ba. Baffa ya yi sallama, ya gane ta, ya ce mana a hankali, "Tayyiba ce, babbar 'yar marigayiyar. Nan take aure."

Bayan gaisuwa ya ce, "'Yata, ina Manu?"

"Sun tashi jiya da asuba."

"Jiya? Ai bayan kasuwa aka ce."

"E. Kasuwa ta ci shekaranjiya."

"Wace kasuwar?"

Ta ɗago ta kalle shi kamar ya tambayi wace rana ce ke fitowa da safe. "Tamu mana. Ta Litinin." Ta nuna da haɓa wajen wani ƙauye a bayan gonaki, inda suke kai nono.

Mu uku, da digiri uku da furfura ɗaya, babu wanda ya tambaya. A bakinmu kasuwa guda ce a duniya, ta Maigatari, ranar Alhamis. Ranar Litinin ɗin nan na rubuta a nan cewa ba komai.

Na zaci Dakta zai juya. Ya sauke buhun. Ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa, shuɗiyar shaddar a cikin ƙasa da ruwan wanki.

Ya ce, "Ni ne Abdulbaqi. Ni nake tuƙa motar."

Ta ce, "Na sani. Ina bayanta ranar. Kai ka yi wa shanunmu allura bara."

"Na zo in yi wa mahaifinki gaisuwa, na makara. Allah ya ji ƙan Inna. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin."

"Ki yafe mini."

Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ke hannunta. Babba ce, ta taɓa fashewa gida uku, an ɗinke ta da zare, ɗinkin sabo. Na kalli ɗinkin, na kalli saniyar, na kalli ko'ina.

Ta ce, "Ai an yafe."

Ya ce, "Na ji an yafe. Ke nake roƙo."

Ta ɗauraye ƙwaryar, ta kife ta a kan danga. Ta share hannu a zani. Muryarta ba faɗa, ba kuka.

"An yafe, Likita."

Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka," da sauri, kamar mai rufe ƙofa kafin iska ta shigo. Shi ya ji abin da ya zo ji. Ni na ji abin da ta ce. Dakta ma ya ji, ya zauna da malamar Hausa shekara tara.

Ta karɓi goron da hannu biyu, ta yi godiya. Ta shiga ciki ta fito da nono a ƙaramar ƙwarya da ludayi, saboda baƙi baƙi ne. Ta ce na saniyar Inna ne, ita aka bar mata. Ta ajiye a gabansa.

Ya sha. Ina kallon maƙogwaronsa. Ya shanye tas.

A hanyar komawa bakin kwalta Baffa ya yi gaba. Dakta ya tsaya daidai aduwar, ya faɗa mini lambar gudun da yake yi ranar. Ita ce wadda na gani. Ba zan rubuta ta ba.

Alhamis, da hantsi

Tireloli suna wucewa. Bai je kasuwa ba.

Ya kunna wasan bayan ya karya. Gwaggo. Bai tsaya a tamanin ba, kuma ina zaune a gefensa. Bishiya, birki, allo ya tarwatse, ta shiga gona ta tsaya. Sai ya ɗauke hannu daga sitiyarin ya ɗora a cinya.

Barkono ta zagayo ta wuce. Kwamishina ta wuce. Ƙwaro ta wuce. Wani rubutu ya yi ta ƙiftawa a ƙasan talabijin, yana tambaya ko a mayar da shi baya. Bai taɓa maɓallin ba. Gwaggo tana tsaye a gonar mutane, injinta yana aiki, guntayen allo a kan bonet.

Can ya ce, "Yaushe za a ɗauko Nana?"

Na ce, "Za a?"

Ya kalli taga, wajen darbejiya.

Ya ce, "Zan ɗauko ta."

Bai ce yaushe ba. Bai ce a wace mota ba.